Shek ya dawo babu kuɗɗi: bashi ne ko zamba, kuma wa ya yanka iyakar?

A nan Maraɗi in mutum ya ba ka shek ka tafi banki aka ce kont ɗin babu komi, maganar farko da za ka ji daga bakin ƴan uwa da maƙwabtan shago ita ce "ai ɗan 419 ne, a kai shi komisariya kawai". To wannan lamba ta 419 ba dokar Nijar ba ce, kuma abin da zai ba mutane da yawa mamaki, asalinta ba ma dokar Katsina ko Kano ba ce a yau. Sannan ko za a rufe mai shek ɗin ko za a ce maku ku je ku sasanta tunda bashi ne, wannan ya rataya ne ga wasu iyakoki da nasara sunka yanka tun kafin a haifi kakanninmu, Ingilishi da nasu Faransawa da nasu, mu kuma da ke kai da komo tsakanin Ɗan Isa da Jibiya muna cuɗanya da duka biyun kullum ba tare da mun san inda sunka bambanta ba.

Bari mu ɗauki buhu 200 na wake a magazan wani alhaji. Mutum na farko ya zo ya ɗauka, an san shi an san gidansu, ya ce Alhaji in na dawo daga Kano zan kawo kuɗɗi, ya tafi da niyyar biya, sai naira ta faɗi kafin ya canza, ya dawo da rabin kuɗɗi yana kame-kame. Na biyu ya zo da mota mai kyau da takardar oda mai tambari, ya ce shi ke kai wa wani furoje abinci, har ya kira wani a waya ya miƙa wa alhajin, wancan ya ce e lalle ni ne darakta, a ba shi kaya, alhali babu furoje babu darakta. Na uku yaron alhajin ne na shekara da shekaru, an ba shi kayan ya kai ya saida ya kawo kuɗɗi, ya saida ya ci. A wurin mai wake duka ɗaya ne, buhu 200 sun tafi, ciwon cikin ɗaya ne. A wurin doka kuwa abu uku ne daban: na farko bashi ne, babu kaso a ciki, sai dai ƙarar neman haƙƙi. Na biyu zamba ce. Na uku cin amana. Duk rigimar da ake yi gaban jandarma da furokire, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, a kan wane aljihu za a saka magana cikin ukun nan ne, kuma mai shek marar kuɗɗi yana iya faɗawa kowanne.

Daga Ingila abin ya fi sauƙin fahimta don sun daɗe suna gardama a kai. A da can dokarsu sata kawai ta sani, wato a ɗauke maka abu ba da yardarka ba. Wanda ka miƙa wa da hannunka don ya yi maka daɗin baki, ba ɓarawo ba ne a wurinsu. A farkon shekarun 1700 an kawo wa babban alƙalinsu Holt wani mutum mai suna Jones da ya je wajen wani ya ce an aiko shi karɓar fam 20, aka ba shi, ashe ba wanda ya aike shi. Holt ya ƙi hukunta shi, ya ce ba za a gurfanar da mutum don ya maida wani wawa ba, wanda aka cuta ya je ya yi ƙarar kuɗɗinsa. Ka ji fa. Sai da kasuwanci ya bunƙasa a Landan zamba ta yi yawa sannan majalisarsu ta yi doka a 1757 wadda ta ce karɓar kuɗɗi ko kaya ta hanyar ƙarya da niyyar cuta laifi ne. Amma alƙalai sunka ɗaure dokar da sharaɗi guda wanda shi ne tushen komi: ƙaryar dole ta kasance a kan abin da ya riga ya faru ko wanda yake nan yanzu, ba a kan abin da zai zo ba. In na ce maka ina da gona a Jirataua alhali ba ni da ita, ka ba ni kuɗɗi saboda haka, na yi laifi. In na ce maka zan biya ka bayan salla ban biya ba, alkawari na saɓa, kuma saɓa alkawari ba na ƴan sanda ba ne. Dalilinsu ba na banza ba ne, suna tsoron kada duk wanda ciniki ya karye masa a maida shi mai laifi, don in haka ne babu ɗan kasuwar da zai kwana gidansa.

Yadda wannan tunani ya iso kusa da mu hanya ce mai nisa. A ƙasar Ostareliya akwai jihar Queensland, wani babban alƙali Samuel Griffith ya tsara mata kundin laifuka a 1899. Da Lugard ya ci Kano da Sakkwato a 1903 yana neman doka a rubuce da jami'ansa za su riƙa aiki da ita, yawancinsu sojoji ne ba lauyoyi ba, sai anka ɗauko tsarin Queensland ɗin anka gyaggyara anka kafa shi a Arewacin Najeriya a 1904. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, anka shimfiɗa shi ga ƙasar duka a 1916. A cikin kundin nan ne sashe na 418 ya faɗi mece ce ƙaryar da doka ke nufi, da baki ko a rubuce ko ta aikin da mutum ya nuna, a kan abin da ya wuce ko na yanzu, wanda mai faɗin ya san ba gaskiya ba ne. Sashe na 419 kuma ya yanka hukunci, shekara 3, in abin ya kai wani adadi shekara 7. Lambar da duniya duka ta sani ke nan yanzu, kundin da ke ɗauke da ita daga Ostareliya ya bi ta hannun Lugard, kuma Arewa ya fara sauka kafin Ikko.

To ina shek ya faɗa cikin wannan? Nan ne alƙalan Ingila sunka sha wahala, don in ka duba shek kamar alkawari ne, je ka banki za su biya ka, magana ce ta gaba. Mai wayo sai ya ce ni ban yi ƙarya a kan komi na yanzu ba, na zaci kuɗɗi za su shigo. A wata shari'a ta 1874 da ake kira ta Hazelton anka toshe wannan ƙofa, anka ce wanda ya miƙa shek, ko bai buɗe baki ba, miƙawar kanta magana ce: yana cewa ina da kont a bankin nan, ina da ikon rubuta wannan adadi, kuma yadda al'amura suke a yanzu takardar nan za a biya ta in an kai. In ya san ba haka ba ne, ya yi ƙarya a kan yanzu. Wayon alƙalai ne mai kyau amma ya bar wani rami wanda har gobe mutanenmu ke faɗawa. Ƙaryar dole ita ce ta sa ka saki kayanka. In ka riga ka ba mutum kaya tun wata uku, ka gaji da bi, ya rubuta maka shek don ka bar ƙofar gidansa, shek ɗin ya dawo, ba shek ne ya fidda kayan daga hannunka ba, tun can sun fita. A tsohuwar ƙa'idar Ingilishi wannan bashi ne da ya ƙara tsufa kawai. Wanne ya riga wanne, shek ko kaya, tambaya ce da ke iya juya shari'a gaba ɗaya.

Na ce 419 ba ta Katsina ba ce, ga dalili. Duk da kundin 1904, a Arewa kotunan alƙalai na sarakuna sun ci gaba da hukunta yawancin talakawa da fiƙihun Malikiyya har gab da ƴancin kai. A 1959 gwamnatin Sardauna ta yi sabon kundi na Arewa wanda ya fara aiki a 1960, shi kuma an ɗauko shi daga na Sudan, na Sudan daga na Indiya na 1860 wanda wani ɗan Ingila mai suna Macaulay ya tsara. Kundin 419 ya zama na Kudu. A Indiya ma, abin sha'awa, lambar sashen zamba ta zama sunan mazambaci kamar yadda ta zama a Najeriya, su tasu 420 ce. Kuma kundin Indiya ya fi na Ingila kusa da hankalin ɗan kasuwa, don bai tsaya ga jiya da yau ba, ya kalli niyya. Akwai misali a cikinsa da duk wanda ya san harkar ba da kuɗɗin gyaɗa tun damina zai gane nan take: wani ya karɓi kuɗɗin gaba a kan zai kawo ganyen baba na rini, in tun lokacin karɓa ba shi da niyyar kawowa, ya yi zamba, in kuwa da niyyar kawowa ya karɓa daga baya ya saɓa, ba zamba ba ce, sai dai a bi shi ta shari'ar haƙƙi. Wannan a ganina shi ne mafi adalci cikin duka tsarin nasara, sai dai wahalarsa niyya a zuci take, alƙali sai ya nemo ta daga alamu: ya ɓace bayan karɓa? ya saida kayan ƙasa da kuɗɗin saye don ya samu tsaba da sauri? ya yi wa mutum biyar irin haka a mako guda?

Yanzu mu dawo gida. Namu gadon na Napoleyon ne, kundin laifuka na Faransa na 1810. Sashe na 405 shi ne na zamba, eskrokri kamar yadda za ka ji ana faɗi a lajistis, hukuncinsa shekara 1 zuwa 5. Bafaranshe bai tambayi ko ƙaryar ta jiya ce ko ta gobe ba, tambayarsa daban ce: ƙarya ce tsirara ko an yi mata ado? Hanya uku kawai ya sani, mutum ya yi amfani da sunan ƙarya, ko matsayin ƙarya, ko ya shirya dabaru na yaudara. Ƙaryar baki kaɗai, ko ta kai girman dutse, alƙalan Faransa sun tsaya a kan ba ta isa ba, sai an haɗa ta da wani abu na waje da ke ƙarfafa ta, takardar jabu, tambari, wani na uku da zai zo ya gaskata, ofis na bogi da teburi da sakatare. Shi ya sa mutum na biyu a misalinmu, mai takardar oda da daraktan waya, ya cika sharuɗɗan duka. Wanda kuwa ya zauna kan tabarmarka ya rantse da Allah yana da kamyo biyu a hanya ka yarda ka ba shi, a asalin ƙa'idar 1810 da wuya a kama shi, tunaninsu shi ne mai hankali ba ya sakin dukiya a kan fatar baki. Cin amana kuma sashe na 408 ne, kuma shi ma ba kowace amana ba, sai wadda aka ba ka abu a kan ka maido ko ka yi wani aiki da shi, kamar ajiya ko wakilci ko jingina. Bashin kuɗɗi ba ya ciki, don kuɗɗin da aka ranta maka sun zama naka, abin da ke kanka biya ne.

Nan ne nake ganin asalin rashin jituwar. Kasuwar Maraɗi a kan fatar bakin nan aka gina ta. Ubangida da baransa, dillali da baƙonsa, miliyoyi na wucewa daga hannu zuwa hannu babu takarda ko guda, abin da ke riƙe da su sanin asali ne da kunya da tsoron kada sunanka ya ɓaci daga nan har Kano. Dokar da ta ce maganar baki ba komi ba ce sai an ga takarda, an yi ta ne don wata irin kasuwa ba tamu ba.

Kuma a gaskiya tun farko ba don mu anka kawo ta ba. Nijar ta zama koloni a 1922, babban birni na Zinder kafin a maida shi Yamai a 1926, kuma a duk wannan lokaci kundin 1810 na Faransawa ne da waɗanda anka ba matsayinsu. Baƙar fata talaka yana ƙarƙashin andijena, kumandan na iya rufe shi har kwana 15 ba tare da shari'a ba, manyan laifuka kuma a kai su kotunan ƴan ƙasa da dokar 1903 ta tsara, inda kumandan ɗin ne dai ke shugabantar kotun sarkal, da masu ba shi shawara kan al'ada a gefensa. Sai 1946, shekarar da anka soke aikin tilas anka kuma ba mutanen koloni matsayin ƴan ƙasa, sannan dokar 30 ga Afrilu ta rushe kotunan ƴan ƙasa a fannin laifuka ta ce kundin Faransa ya hau kan kowa. Ke nan shekara 14 kawai kakanninmu sunka yi ƙarƙashin sashe na 405 kafin ƴancin kai na 3 ga Agusta 1960. Da Nijar ta yi nata kundin a ranar 15 ga Yuli 1961, ƙashin bayansa na Faransa ne, da eskrokri da cin amana da rabon da ke tsakaninsu duka sun biyo mu.

Maganar shek a wajen Faransawa ta bi wata hanya dabam da ta Ingilishi, kuma wannan ya kamata duk mai karɓar shek a garin nan ya sani. Shek ya shiga dokar Faransa a 1865, amma mutanensu ba su yarda da shi ba, sun fi son tsaba. Kuma ba da shek marar kuɗɗi bai cika shiga sashe na 405 ba tunda ana iya cewa ƙarya ce kawai a rubuce. Lokacin yaƙin duniya na farko gwamnati na son mutane su bar kuɗɗi a banki su riƙa biya da takarda, sai ta yi doka a 1917 ta maida ba da shek babu kuɗɗi da mugun nufi laifi mai zaman kansa, a 1926 anka ɗora masa hukuncin zamba, a 1935 anka tattara dokar shek duka bisa yarjejeniyar Janeba ta 1931, daga baya anka miƙo ta ƙasashen da suke mulka. Bambancin babba ne. A nan ba a tambayar ko shek ne ya sa ka saki kaya, ko kaya sun riga shek, abin da ake karewa shi ne shek ɗin kansa, don jama'a su ɗauke shi tamkar kuɗɗi. Saboda haka kuɗɗin dole su kasance cikin kont tun ranar da ka sa hannu, ba ranar da kake fata ba. Kuma shek biyan nan take ne, ko ka rubuta kwanan wata na gaba, in an kai shi gishe yau, yau ne ranar biyansa. Abin da ya fi ba mutane tsoro in sun ji shi ne, wanda ya karɓi shek yana sane babu kuɗɗi ciki shi ma doka ta ɗauke shi mai laifi.

Ka dubi abin da muke yi kullum. Alhaji ga shek na garanti, riƙe min shi zuwa ƙarshen wata, kada ka kai yanzu. Mai kaya ya karɓa ya ninke ya saka cikin littafin bashi ya kulle a durowa, yana jin ya riƙe wuyan mutumin. Wata ya ƙare, wani ya bi, ranar da haƙuri ya ƙare ya tafi banki ya bi layi, yarinyar gishe ta duba kwamfuta ta ɗaga kai ta dube shi ta shiga ciki wajen shef, ta dawo ta turo masa takardarsa ta ƙarƙashin gilashi. Daga nan sai komisariya da zafin rai. Tambayar farko da mai hankali zai yi masa ita ce, lokacin da ka karɓa ka san babu kuɗɗi? In ya ce e ai shi ya ce in jira, to da bakinsa ya faɗi cewa ba a yaudare shi ba, bashi ya bayar ya riƙe takarda, kuma ya saka kansa cikin abin da doka ta hana.

In ka koma zamanin gyaɗa za ka ga wa dokar ta yi wa aiki. Bayan ruwan 1945 da ya cinye tsohon gari a gulbi anka hau tudu, Maraɗi ta zama cibiyar sayen gyaɗa, kamfanonin nasara irin su CFAO da SCOA ke ba manyan masu saye kuɗɗin gaba, su kuma su rarraba wa yaransu a shiga ƙauyuka da sikeli, gyaɗar ta bi ta Kano a saka ta jirgin ƙasa. Masu kont da littafin shek a lokacin kamfanonin ne da gwamnati da ƴan tsirarun da ke hulɗa da su. Manomin da anka danne wa sikeli ba shi da takardar da zai nuna. Kuma ga abin da ya fi ci mini rai: ƙa'idar nan mai kyau ta cewa saɓa alkawari ba laifi ba ne, nasara da kansu sun ajiye ta gefe in magana ta zo kan lebura. A ƙasashen da Faransa ta mulka an ƙirƙiro laifi na musamman ga ma'aikacin da ya karɓi kuɗɗin gaba ya tafi bai gama aiki ba, Ingilishi ma sun yi irinta a Indiya tun 1859. Wato in ɗan kasuwa ya saɓa wa ɗan kasuwa, bashi ne a je a yi lissafi, in talaka ya saɓa wa kamfani, kaso. Duk wanda zai yaba wa tsarin dokokin nan, kuma akwai abin yabawa, to ya haɗa da wannan cikin lissafinsa.

Su da sunka kawo mana dokokin tuni sun sake nasu. Ingila ta jefar da tsohon laifin a 1968 ta kuma sake sabon tsari a 2006 wanda ya haɗa har ƙarya a kan niyyar mutum. Faransa ta ga kotunanta sun cika da shari'ar shek, a 1991 ta cire ba da shek marar kuɗɗi daga laifuka ta bar wa bankuna su hana mutum littafin shek. Indiya ta ajiye kundin 1860 a 2024. Najeriya ita ta ƙara tsanani ne, a 1977 gwamnatin soja ta yi dokar shek ta musamman, shekara 2 babu zaɓin tara in shek ya dawo cikin wata uku da rubuta shi, sai dai in mutum ya nuna yana da dalili mai ƙarfi na zaton za a biya, sannan dokar zamba ta 1995 da anka sabunta a 2006 mai hukuncin shekara 7 zuwa 20, waɗannan na tarayya ne, suna aiki har Katsina da Kano. Ɗan Maraɗin da ke da kont na naira yana rubuta shek a can ya san da wannan.

Mu kuma yanzu tsarin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu sefa, muke bi, ƙa'idar 2002 kan hanyoyin biya, kuma ta karkata ne ga hanyar Faransa ta baya-bayan nan. Shek da anka rubuta a gari guda da bankin da zai biya, kwana 8 ne lokacin kai shi, ba wata uku a durowa ba. In ya dawo, banki na sanar da mai kont ya gyara cikin kwana 30, in bai gyara ba a hana shi shek har shekara 5 kuma sunansa ya shiga rajistar da babban bankin BCEAO ke riƙe da ita wadda duk bankuna ke dubawa. Kai mai kaya kuma abin da za ka nema takardar shaidar rashin biya ce daga banki, ka kai wa husiye, jami'in shari'a mai bin haƙƙi, da ita ake bi a kai ga kama dukiyar mutum ba tare da doguwar shari'a ba, kuma sau da yawa wannan ta fi komisariya kawo kuɗɗi. Kaso yana nan amma ga wanda ya nuna mugun nufi a fili, kamar mai rubuta shek a kan kont da anka rufe, ko wanda ya ba ka shek ya riga ka zuwa banki ya kwashe kuɗɗin, ko wanda anka hana shi ya ci gaba da rubutawa, da kuma, har yanzu, wanda ya karɓa yana sane.

Abu biyu ke faruwa saboda rashin sanin iyakokin nan, kuma duka biyun zalunci ne. Na farko mai ƙarfi ya maida jandarma masu karɓar masa bashi, a ɗauko ƙaramin ɗan kasuwar da kaya sunka lalace masa ko duwan ta riƙe, a kwanar da shi har sai ƴan uwa sun saida fili ko tumaki an kawo wani abu, alhali ko an je gaban juju, wato alƙali, babu zamba ko ɗaya a maganar. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin ɗan adam tun 1986, kuma sashe na 11 nata ya ce ba a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin ciniki. Tun kafin wannan ma Alƙur'ani a Baƙara aya ta 280 ya ce wanda ke cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. Na biyu kuwa kishiyarsa ne, mazambaci na gaske wanda ya san doka fiye da wanda ya cuta, ba ya kawo takarda ba ya kawo shaida, da baki kawai yake aiki, ya biya ka kashi na farko da na biyu daidai don ka saki jiki, a na uku ya kwashe babba ya ɓace, in an kama shi ya ce ai muna hulɗa tun da daɗewa, ga shaidar biyan da na yi, bashi ne. Malamanmu ba su ruɗe a nan ba, hadisi ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, ya kuma ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma a fiƙihu mazambaci da maci amana ba a yanke masu hannu kamar ɓarawo amma alƙali na da ikon yi masu ta'aziri gwargwadon abin da ya gani. Aya ta 282 ta surar nan dai ita ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu, ke nan rubutun da muke jin kunyar nema daga ɗan uwa ba nasara ne sunka fara kawo shi ba.

Yanzu ma shek ɗin kansa yana ja da baya, abin da ya fi yawa shi ne hoton tiransfa a waya. Mutum ya loda kaya, ya nuna maka allon wayarsa ga shi na tura, ko saƙo ya shigo maka mai kama da na banki, ka ce direba ya tashi, sai da yamma ka duba kont babu abin da ya shigo. Wannan ba shek ba ne, saboda haka duk ƙa'idojin kwana 8 da husiye ba su shafe shi ba, tsohuwar dokar zamba za a koma. Kuma a nan ta yi daidai da shi ta kowane ɓangare na iyaka: a ma'aunin Ingilishi ƙarya ce a kan abin da ya riga ya faru, na tura alhali bai tura ba, a ma'aunin Faransa kuma ba ƙaryar baki ba ce kawai tunda an ƙera hoto ko saƙo don a ƙarfafa ta. Abin da zai rage a tabbatar shi ne saƙon ne ya sa anka saki kayan, don haka lokacin da ya shigo wayarka da lokacin da mota ta bar ƙofar magaza su ne za a fara tambaya, kuma wanda ya goge saƙon don haushi ya goge rabin shari'arsa.